Motata Ce, Ina Ruwan Wani?

Akwai maganar da ke saurin fitowa daga bakin mai mota idan aka gan shi ya ɗaga bonet ya naɗe hannun riga, aka ce masa ya bari a kira bakanike. Sai ka ji ya ce, "Motata ce, da kuɗina na saye ta. In ta gyaru ni na huta, in ta lalace ni na yi asara. Ina ruwan wani?" Maganar tana da daɗin ji, kuma rabinta gaskiya ne. Ɗaya rabin ne nake so mu zauna a kansa, don ya daɗe yana yi mini yawo a rai tun da na canza gasket ɗin manifol na motata da hannuna.

Wanda bai san arewacin Benin ba, bari in ɗan shimfiɗa masa tabarma. Parakou gari ne da abincinsa ke kan taya. Layin dogon da Faransawa suka jawo daga Kwatano, kilomita 438, a nan ya tsaya tun 1936 bai ƙara gaba ba. Saboda haka, a da, kayan da jirgin ƙasa ya ɗauko don Nijar a nan ake sauke su, a ɗora wa manyan motoci su bi ta Malanville da Gaya zuwa Dosso da Yamai da Maraɗi. Jirgin ya ja baya, amma sana'o'in da ya haifa sun zauna daram: direbobi, kanikawa, masu walda, masu faci, masu sayar da kayan gyara. Motocin kuwa da wuya ka ga sabuwa fil. Irin waɗanda 'yan'uwanmu na Kano ke kira 'yan Kwatano ne, sun gama ƙuruciyarsu a Beljiyam ko Jamus ko Amurka kafin su sauka a tashar jirgin ruwa. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi tsoka. Motar da ta kai shekara ashirin, ƙarfenta zai iya zama lafiya lau, amma duk abin da yake na roba a jikinta ya fara tsufa. Tawa ma haka take.

Inji numfashi yake yi kamar ɗan'adam. Iska tana shiga ta matata, ta wuce ta maƙogwaron da totur ke buɗewa da rufewa, ta faɗa cikin wani bututu mai rassa da ke raba ta ga kowace silinda. Wannan bututun shi ne manifol. Inda bakinsa ya haɗu da kan inji, fuskoki biyu ne masu tauri, kuma duk gogewar da aka yi musu a masana'anta ba za su manne da juna ba tare da ɗan gibi ba. Shi ya sa ake sa gasket a tsakani, wani siririn abu na roba ko na takarda ta musamman, ya shanye ƙananan aibobin ɓangarorin biyu. Kanikawan nan da sunansa na Faransanci suke kiransa, juwan. Abu ne da bai kai nauyin goro biyu ba. Zafi ya dafa shi, sanyi ya ƙanƙance shi, shekara da shekaru, har ya bushe ya yi tauri ya daina cika gurbinsa.

To, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Injin fetur yana son ma'auni: kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai, in aka auna da nauyi. A motocin zamani akwai sensa da ke ƙirga iskar da ta shigo ta ƙofa, kwamfutar mota ta ba da mai daidai da ita. Iskar da ta sato hanya ta tsagar gasket ba ta cikin lissafi. Sai iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan. Mota ta dinga karkarwa in tana tsaye, silo ya hau ya sauka, wani lokaci ta mutu a danja ko a kwana. In ka kasa kunne za ka ji tana huci siriri kamar maciji. Da sanyin safiyar hunturu abin ya fi muni, don robar ta ƙara tsukewa. In inji ya ɗauki zafi sai ta ɗan kumbura ta toshe, ka ɗauka ciwon ya tafi. A wasu injina ruwan lagireto ma yana bi ta wurin, in ya ɓalle ya gauraya da baƙin mai sai man ya koma kamar shayi da madara, daga nan kuma maganar ta wuce ta gasket.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne halin kwamfutar. Da ta ji ta bakin salansa cewa iska ta yi yawa, ba ta kai ƙara nan take. Sai ta ƙara mai a ɓoye, ta rufa wa tsagar asiri. Tana ƙarawa tana ƙarawa har ta kai iyakar da aka yanka mata, sannan ta kunna wutar gargaɗi mai siffar inji a gaban direba. In aka jona na'urar bincike sai ta nuna lamba, sau da yawa P0171, ma'ana mai ya gaza iska. Kafin wutar ta kama, mai mota ya yi makonni yana biyan kuɗin rufin asirin nan a wurin mai sayar da kpayo, bai sani ba. Ga shi tun da Shugaba Tinubu ya cire tallafin mai a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023, kwalbar kpayo ta yi tashin gwauron zabi. Bayan wata biyu aka yi juyin mulki a Yamai, iyakar Malanville ta rufe, harkokin garinmu suka tsaya cik. A irin wannan yanayi mutum yakan fara lissafin jaka ɗaya ɗaya, kuma a nan ne tunanin "in gyara da kaina" ke shigowa.

Ni ma ta nan ya shigo mini. Wani gareji ya canza mini fulogi, ciwo bai tafi ba. Wani ya wanke nozul, bai tafi ba. Na uku ya ce sai an sauke kan inji. Da na ji haka sai na koma gida na nemi littafin gyaran irin motar a intanet, na karanta, na kalli yadda ake yi. Gwajin ba shi da wuya: inji na silo, ka fesa ɗan ruwa a layin da manifol ya haɗu da kan inji. In sautin ya canza a daidai wani wuri, ɓarawon yana nan. Na sayi gasket sabo a kwalinsa, na ari sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri, na bar motar ta kwana ta huce. Da safe na cire kan batir, na ɗauki hoton kowace tiyo da kowace waya da wayata kafin in taɓa ta, na liƙa wa kowacce alama. Da manifol ya fita na cusa tsumma mai tsabta a kowane rami, don ƙwayar tsakuwa ɗaya ko ɗan noti in ya faɗa cikin silinda ya isa ya kashe inji. Na kankare ragowar tsohuwar robar da abin roba, ban sa wuƙa ba, saboda alminiyam ba ya yafe ƙarzane. Na zaunar da sabon, na ɗaure daga tsakiya zuwa gefe, wannan ɓangare sannan wancan, a hankali, zagaye biyu, har sifanar ta yi ƙas. Ƙarfin da littafin ya ce a tsaya a kai ya gaza abin da hannu ke so nesa ba kusa ba. Hannu gani yake in bai matse har ƙarshe ba bai yi aiki ba, alhali matsewar ce ke murɗe manifol ko ta cinye zaren noti. Kafin azahar mota ta tashi, silo ya zauna, hucin ya ɓace.

Bayan kwana biyu na mayar da sifanar ga mai ita, wani dattijon bakanike da ya fara sana'a tun zamanin da Peugeot 404 ke jigilar fasinja. Na ba shi labari ina jiran yabo. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Malam, aiki ka yi shi daidai, yadda ka faɗa. Amma ina da tambaya biyu. In kowa ya gyara tasa, yaran nan me za su ci?" Ya nuna almajiransa da haɓa. "Ta biyu kuma, in ni na yi aikin nan ya ɓaci, ka san ƙofar da za ka buga. Yanzu in ya ɓaci, wa za a kama?"

Na ce, "Baba, ai ni zan kama kaina."

Ya yi dariya ya ce, "Ka taɓa ganin alƙalin da ya ɗaure kansa?"

Tambayarsa ta farko ba ta dame ni sosai ba. Matar da ta ɗinke yagar rigar mijinta ba ta ci haƙƙin tela ba, wanda ya aske gemunsa bai zalunci wanzami ba. Ba wanda aka wajabta wa ya zauna cikin jahilci don wani ya samu ciniki. Kuma a gaskiya mutum nawa ne za su ɓata safiyarsu cikin baƙin mai? Garejojin Parakou ba za su rufe saboda ire-irena ba. Abin da na yarda da shi a cikinta kaɗan ne: sifanar da na ara, da shawarar da na sha tambayarsa a baya, duk daga cikin sana'arsa suka fito, kuma wanda ya ɗebi ilimin mutum kyauta don ya guje wa biyansa, ya kamata ya san akwai bashi a kansa ko da ba a rubuta ba. Wannan da ɗan alheri da mutunci ake biyansa.

Ta biyun ce ta hana ni sakat, domin tambaya ce tsohuwa, kuma malamanmu sun rigaya sun yi magana a kanta. A fiƙihun Malikiyya, wanda aka ba ajiya ba ya biya in kayan suka salwanta ba da sakacinsa ba, don shi amintacce ne. Amma aka ware masu sana'a. Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, littafin da ake karantawa a zaurukan Kano da Katsina da zangunan nan namu, ta kawo hukuncin cewa mai sana'a yana lamunin abin da aka ba shi ya yi aiki a kai in ya tafi da shi inda mai shi ba ya gani, ko da lada ya yi aikin ko ba da lada ba. Dalilin da malamai suka bayar maslahar jama'a ce. Mutane ba su da makawa sai sun kai kayansu ga tela da marini da maƙeri, in aka ce maganar mai sana'a kawai za a karɓa duk lokacin da abu ya ɓaci, dukiyar mutane za ta tafi a banza. A lura da inda hukuncin ya rataya: a kan fakuwar aiki daga idon mai kaya. To aikin inji kusan dukkansa a fake yake. Ko kana tsaye a kan bakanike tun safe, in ba ka san abin da kake kallo ba, daidai kake da wanda ke gida yana barci. Da an mayar da manifol an ɗaure, gasket ya shiga inda ido ba zai sake ganinsa ba sai ranar da ya gaza.

Kakanninmu ma da wannan matsalar suka yi fama, ta wata fuska. Djougou, wanda Dandawa da fatake ke kira Zugu, babban zango ne a kan hanyar goro da ta taso daga Kano da Sakkwato ta ratsa Bargu zuwa Salaga a ƙasar Gwanja. Sarauta tana Kilir, 'yan kasuwa suna unguwar Wangara. Farke ya iso da jakunansa da kanwa da tufafi, bai san kowa ba, bai san mudun garin ba, bai san wanda ke biyan bashi da wanda ke gudu da shi ba. Sai ya sauka a gidan maigida, shi ya ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an sayi kayansa bashi. Abin da maigida ke sayarwa a zahiri shi ne zamansa wuri ɗaya. Farke zai tafi, mai saye zai iya ɓacewa, amma gidan maigida yana nan baɗi, kuma sunansa shi ne jarinsa. Gareji ma haka yake. Yaro yakan yi shekaru a ƙarƙashin ubangidansa, yana wanke noti da kananzir kafin a bar shi ya riƙe sifana, har ranar da za a yi bikin yaye shi, wanda a nan ake kira liberasiyo, ko ya zauna jarrabawar CQM da gwamnati ta shigo da ita. Duk wannan doguwar hanya, ban da koyon aiki, tana samar da mutum mai suna da wurin zama, wanda za a iya nunawa da yatsa a ce shi ya yi. Kuɗin aikin da muke ciniki a kai har da kuɗin wannan a ciki. Wanda ya gyara da kansa ya rage kuɗin, amma ya cire wannan mutumin daga cikin lissafi.

Mai cewa "ina ruwan wani" zai amsa da cewa to ai shi ke nan, na yafe lamunin, asarar tawa ce. Da agogon hannu ne ko rediyo, da na yarda. Mota daban ce, kuma manifol ɗin nan da kansa shi ne shaida. A jikinsa akwai wata tiyo mai kauri da ta tafi zuwa wani baƙin tulu a bayan fedar birki. Zuƙar da inji ke yi ta cikin manifol ita ce ke taimakon ƙafar direba in ya taka birki. In aka manta ba a mayar da tiyon nan da kyau ba, ko ta tsage wajen cirewa, birki zai yi tauri kamar dutse a lokacin da ake bukatarsa. A kusa da wurin kuma akwai bututun da ke kai fetur ga nozul, cikin matsi, da ƙananan zobban roba da ke hana shi tsiyaya. Ɗaya ya karkace, fetur ya dinga ɗiga a kan inji mai zafi. Yanzu a ɗora wannan motar a kan hanyar Parakou zuwa Djougou, kimanin kilomita 135, a lokacin kakar auduga da manyan motoci ke tafe da kaya sun fi su tsawo, a gangaren gadar kogin Weme a Bétérou, ga 'yan zemijan, ga yara 'yan makaranta, ga garken shanu na tsallaka titi. A cikin motar akwai uwargida da yara, akwai maƙwabciyar da ta roƙi a rage mata hanya. A cikinsu ba wanda aka tambaya ko ya yafe lamuni. Mutum yana da ikon yin kasada da dukiyarsa, amma ban san inda aka ba shi ikon yin ta da wuyan wani ba.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai in ce dattijo ya yi nasara, kowa ya ajiye sifana. Sai dai akwai abin da shi ma ya sani, ni ma na sani. Bakanike nawa ne a garin nan ke da sifanar auna ɗauri? Shi kansa tasa a cikin akwati take, sai aikin kan inji ake fito da ita. Saura da hannu ake yi, a ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A zamanin kafireta da manifol na ƙarfe wannan ya wadatar, kuma hannun tsofaffin nan ya yi abin a yaba, su suka riƙe 504 a kan hanya shekaru talatin bayan Turai ta manta da ita. Manifol na yanzu da yawa roba ne, ba ya jure kimar ido. Kuma kowa ya taɓa zama a gareji ya ga yadda ake yanka kwali a shafe shi da gam a sa a madadin gasket, ko a mayar da tsohon a cika shi da gam har ya tsattsafo ta ciki ya bi iska. Ya ga yadda ake canza abu bayan abu da kuɗin mai mota har a dace. Lamunin da littafi ya faɗa kuwa, je ka nema ka gani. Za a ce maka wani ciwon ne daban ya taso, ko man da ka sha ne ba shi da kyau, kuma ba ka da ilimin da za ka musa.

Ba na ɗora wa kanikawa laifin duka. Sau da yawa mai mota ne ke cewa, "Yi mini dabara dai in kai gida," ya ƙi sayen na ainihi, ya yi cinikin kuɗin aiki kamar yana sayen tumatir a kasuwar Arzeke. Wanda ya biya kuɗin kwali ba shi da bakin neman aikin roba. Amma ko laifin na wane ne, sakamakon ɗaya ne: miƙa mota ga gareji ba ya sauke nauyin daga wuyan mai ita kamar yadda muke so mu ɗauka. Wanda ya san bakanikensa da kwali yake aiki, ya kai masa, ya ɗauko iyalinsa ya hau hanya, bai fi wanda ya gyara da kansa tsira ba. Ya dai samu wanda zai zaga in abu ya faru.

Shi ya sa nake ganin tambayar "hannun wa ya yi aikin" ba ita ce ta farko ba. Ta farko ita ce, wanda ya yi aikin ya san iyakar saninsa? Ta biyu, in ya ɓaci, akwai wanda zai faɗi gaskiya? Ana cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Haka ne, mai mota ya fi kowa sanin lokacin da take karkarwa da irin kukan da take yi da asuba, kuma ba wanda zai ba ta safiya guda cur kamar shi, don bakanike motoci biyar ke jiransa. Amma sanin inda ɗaki ke yoyo bai mai da mutum magini ba. Gasket ɗin manifol a ƙaramin inji mai silinda huɗu aiki ne da mai haƙuri da littafi da kayan aiki zai iya. Kan inji, ko birki, ko sitiyari, ni ban sa hannu, kuma ba tsoro ba ne, lissafi ne: kuskure a can ba ya ba da sanarwa kafin ya yi ɓarna. Ko a wannan da na yi, ban ɗauki kowa ba sai da na tayar da inji na bi bututun mai da ido da hanci, na taka birki sau da yawa a tsaye, na zagaya unguwa ni kaɗai, sannan na kai wa dattijon ya duba, na biya shi kuɗin dubawa. Ya karɓa yana murmushi. Ina jin a ransa ya ɗauka amsar tambayarsa ce, kuma ban musa masa ba.

Akwai kuma ribar da ban zata ba. Tun da na ga cikin wurin da idona, zamana da kanikawa ya canza. Yanzu in an ce mini abu kaza ne, ina iya tambayar ta yaya aka gane. Bakaniken kirki yana jin daɗin wannan tambayar, ɗayan kuwa sai ya ɓata rai, kuma daga nan na san wanda zan koma wurinsa. Yardar da ke tsakanin wanda ya sani da wanda bai san komai ba, sallamawa ce kawai, irin ta mara lafiya a hannun boka. Turawa ma sun gano haka ta tasu hanyar. A 2012 jihar Massachusetts ta Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa kamfanonin mota su buɗe bayanan gyara ga masu motoci da ƙananan garejoji, Faransa kuma tun farkon 2021 take sa a rubuta wa wasu kayan lantarki makin sauƙin gyaransu. Su faɗansu da kamfani ne da ke kulle ilimi. Mu namu ilimin ba a kulle yake ba, a warwatse yake, rabi a kan tsofaffin da ba sa karanta littafi, rabi a littafin da ba ya jin kukan inji.

Saura wuri ɗaya da maganar "motata ce" ke faɗuwa warwas, wato ranar sayarwa. Motar nan wani ya hau ta a Turai, wani ya saye ta a Kwatano, ni ne na uku ko na huɗu, kuma ba ni ne na ƙarshe ba. Daga hannuna wataƙila ta koma tasi tsakanin Djougou da Natitingou, ta dinga ɗaukar mutum bakwai da buhunan doya. Duk abin da na rufe a ƙarƙashin manifol zai bi ta can. Mun san abin da ake yi a kasuwar mota: a goge lambar ciwo da na'ura ana gobe za a nuna ta, ko a cire ƙwan wutar gargaɗin gaba ɗaya, mai saye ya ga allo fes. Wannan ha'inci ne, ba mai gardama, shari'a ma ta ba mai saye damar mayar da kaya in ya gano aibin da aka ɓoye masa. Amma gyaran da aka yi daidai fa, aibi ne da sai an faɗa? Na tambayi wani dillalin mota da muke shiri. Ya ce, "Alhaji, rufa mini asiri ka rufa wa kanka. Da ka ce kai ka taɓa injin da hannunka, jaka ɗari ta tafi. Ba wanda zai tambaye ka, don me za ka tsokano?"

Ta fuskar ciniki gaskiyarsa ne, gyara mai kyau ba aibi ba ne. Sai dai ni abin da na duba shi ne dalilin da zai sa kuɗin ya faɗi. Zai faɗi ne don mai saye ya damu da sanin wanda ya yi aikin, kuma da ya sani da ya sa an duba. Abin da na tabbata mutum zai so ya sani kafin ya ƙirga kuɗinsa, in na yi shiru a kai don kada ya rage, to shirun nan na sayar masa. A gareji aƙalla akwai almajirai da suka ga abin da aka sa. A ƙofar gidana ba wanda ya gani sai ni, saboda haka in ban faɗa ba, ba mai faɗa. Na ɗauki takarda na rubuta ranar da aka yi aikin, da adadin kilomitar da mota ta ci a lokacin, da abin da aka canza, da cewa mai motar ne ya yi da hannunsa, bakanike ya duba daga baya. Na haɗa da kwalin gasket ɗin na sa a aljihun gaban mota tare da takardunta. Dillalin ya gani ya girgiza kai, ya ce in lokacin sayarwa ya zo in nemi wani, shi ba zai iya da ni ba.